Ƙafafun Inna

Kun sha tambayata game da zanen nan da ke rataye a falo, wanda babu komai a cikinsa sai ƙafafun mace da bakin zane da gefen tabarma. Kun san ƙafafun kakarku ne, Inna, wadda ta haife ni. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa na tsaya a idon sawu. Na ji dangi sun ba ku amsa iri-iri. Wasu sun ce tsoron Allah ne ya hana ni zana fuska, wasu sun ce ban iya ba ne. Masu cewa ban iya ba su je su buɗe tsofaffin littattafan firamare su duba kawunan da na zana, in sun gaji su zo mu yi magana. Ni dai yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara dishi-dishi, gara in faɗa muku da bakina kafin wani ya faɗa muku da nasa.

Ni ɗan fari ne, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A Kurmin Kogi aka haife ni, a gidan manoman rake. Inna Bafulatana ce ta gida, irin waɗanda suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunya ba. A wurinsu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna wa mutane ta san da zamansa. Ana yaye ni aka goya ni zuwa Kudan wurin mahaifiyarta, can na girma. Sunana Habu, amma ban taɓa jin sa a bakin Inna ba. In ta kama dole ta ambace ni sai ta ce ɗan Kudan, kamar wani baƙo da ya zo sayen mazarƙwaila.

Da sallah ko da kaka akan kawo ni gida in gaishe su. Sai in je ƙofar ɗakinta in durƙusa, kaina a ƙasa, don yaro ba ya kallon babba a ido. Galibi nakan same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa, Goggo Asabe, ƙanwar Baba, tana gefe. In jero gaisuwa tun daga kwana har gajiya har mutanen gida, ita kuwa ta amsa a taƙaice, ko ta ce wa Goggo ta tambaye ni lafiyar tsohuwa, alhali ga ni a gabanta. Na lura duk lokacin da na durƙusa ƙarar ɓarar gyaɗar takan tsaya, ba ta ci gaba sai na miƙe. Na ɗauka ƙosawa take yi in tashi in ba ta wuri. Saboda haka abin da na sani na mahaifiyata shi ne ƙafafunta: siraran yatsu, lalle da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kaushi a dunduniya, da ƙaramin yatsan hagu da ya karkace tun ranar da taɓarya ta faɗa masa. Na sha hango ta daga nesa da tulu a ka, gefen kunci ko ƙeya, amma idonta ban taɓa gani ba. Da za a jera matan ƙasar Ikara a rufe su a bar ƙafa kawai, da nan take zan fitar da Inna. Da za a rufe ƙafar a buɗe fuska, ina jin sai in wuce ta a kasuwa. Wannan abu ya daɗe yana cina, kuma ba abin da ake faɗa wa kowa ba ne.

Fuska ɗaya aka halatta mini a duniya, ta Kaka, don tsakanin jika da kaka babu shamaki. Angona take ce mini, ni kuma in ce mata na fasa auren tunda haƙora sun zube. A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ta rasu. Na tsaya a tsakar gidan Kudan na rasa inda zan sa kaina, nan ba kowa, can Kurmin Kogi kuma baƙo nake. A wannan shekarar ne wani malaminmu na Makarfi, wanda ya sha kama ni ina zana shanu da gawayi a bangon aji, ya samo mini gurbi a wata kwaleji a Zariya inda ake koyar da zane. Lokacin gwamnati na neman 'yan ƙasa da za su riƙa yi wa littattafan makaranta da na asibiti hotuna. Baba ya kai maganar wurin liman, liman ya ce in don koyarwa ne babu laifi. Baba ya ce in tafi, Inna ta ce wa Goggo a ƙulla wa ɗan Kudan gyaɗa.

Ɗakin zanen babba ne mai manyan tagogi. Kowa da allonsa mai ƙafa uku, da gawayi da fensir. A kusurwa akwai ƙwarangwal rataye, wanda har na bar makarantar ban taɓa yarda na juya masa baya ba. Malaminmu wani Bature ne da muke kira Mai Lofe, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin wadda ta isa a yi ciniki a yi faɗa. Ya ce mana jikin mutum kamar ɗaki ne, ƙashi shi ne azara, tsoka ita ce yaɓe, wanda bai san azara ba ɗakinsa zai rufta. Wannan duk na gane, na kuma ji daɗinsa. Matsala ta fara ne ranar da aka shigo da wani dattijo mai farin gemu, sa'an Baba ko ma ya girme shi, ya yi mana sallama, ya cire hula ya cire riga, ya hau wani ɗan dandamali daga shi sai gajeren wando. Mai Lofe ya nuna mana yadda ake awo: ka miƙa hannu da fensir saitin mutum, ka kanne ido ɗaya, ka auna tsawon kansa, sannan ka ga kai nawa ne a tsawon jikinsa. A garinmu wanda ya miƙa wa dattijo tsinke ya kanne masa ido, mari yake nema. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Haka na yi makonni. Kowa na zana mutum, ni ina zana ƙafa. Da na kai gwiwa sai wuyana ya ƙi, in koma ƙasa in ƙara gyara farce. Da farko Mai Lofe ya ɗaga takardata ya nuna wa aji, ya ce bai taɓa ganin ɗalibin da ya san ƙafa haka ba. Da abin ya ƙi ƙarewa sai yabo ya koma tsaki. Wata rana ya cire lofen daga baki ya ce da ni,

“Habu, mutum ba ya ƙarewa a gwiwa.”

Ya ƙara da cewa in zangon karatu ya ƙare ban kawo masa cikakken mutum ba, akwai masu jiran kujerata. 'Yan ajinmu yawancinsu daga kudu suke, ba mugaye ba ne, amma Turancinsu gudu yake yi, nawa kuwa rarrafe. Suka laƙaba mini Malam Ƙafa. Suna cin abinci a taro suna shewa, ni in ɗauki kwanona in koma gindin mangwaro. Ranar Juma'a in na je masallaci aka tambaye ni me nake karanta, sai in ce aikin malanta, don ban san yadda zan ce wa mutum ana koya mini kallon tsoho ba riga ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zangon ba. Ba ni da wanda zan gaya wa, wadda za ta yi mini dariya ta kuma fahimta tana kabari a Kudan.

A gindin mangwaron nan dattijon ya same ni wata rana da azahar. Baba Gambo sunansa, tsohon ɗan dambe ne, mahauci daga wajejen Janfalan. Ya zauna ya ɓantari goro, ya tambaye ni ɗan ina ne. Da na ce Kudan sai ya gyaɗa kai ya ce shi ya sa.

“Yaro, tun da na fara hawa katakon nan ƙafata kaɗai ke yi maka aiki. Sauran jikin nawa wani laifi ya yi maka?”

Na ce masa ina jin nauyinsa ne, ya haife ni. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi da ya yi ƙuruciyarsa a fage da ɗan bante, gari guda na kallonsa, rabinsu addu'a suke ya sha ƙasa, ai kallo ya daɗe da zama abincinsa.

“Waɗancan ma na yafe musu, balle kai mai neman ilimi. Na ba ka izini, ɗaga kai ka dube ni. Amma in gaya maka gaskiya, ɗana, ido in ya koyi tashi, da wuya ya sake koyon kwanciya.”

Rabin farko na maganar na ɗauka, rabin ƙarshe na bar masa a gindin mangwaro. Washegari na ɗaga kai. Sai na ga ashe duk rayuwar mutum a rubuce take a jikinsa. Kafaɗarsa ta dama, ta hannun da ake naɗe wa zare, ta fi ta hagu cika. Haƙarƙari biyu sun taɓa karyewa sun haɗe a karkace. Na ga yadda allon kafaɗa ke zamewa ƙarƙashin fata in ya ɗaga hannu, da yadda jijiyar wuya ke miƙewa daga bayan kunne in ya juya kai. Na koyi cewa ido a tsakiyar kai yake, ba can sama ba yadda yara ke zanawa, kuma kunne tsakanin gira da ƙarshen hanci yake zaune. Na koyi muƙamuƙi da ƙashin kunci da ramin ido, na je wurin ƙwarangwal na yi a'uziyya na shafa su da yatsa, na dawo na same su a fuskar Baba Gambo. Shi kuwa in Mai Lofe ya juya baya sai ya murguɗa mini baki. Kafin zango ya ƙare na kai cikakken mutum, Mai Lofe ya duba ya daɗe, ya ce kujerata tawa ce. Na fito da murna fal ciki, na tsaya a baranda ina neman wanda zan yi wa albishir, ban samu ba.

Daga nan ciwon ya soma. Duk wanda na gani sai idona ya hau auna shi, mai tallan fura, ɗan dako, liman a kan mumbari. Kuma tunda na san yadda ake gina fuska, sai na fara ƙoƙarin gina ta Inna. In ɗauko goshin Kaka, in duba madubi in ari hancina, in haɗa da ɗan gefen kuncin da nake hangowa daga nesa. Kullum sai ta fito Kaka, ko ta fito wata mata da ban sani ba, wurin ido kuma in bar shi fari. Abin ya tsaya mini a rai: na san tabon da ke bayan kunnen wani mahauci na Janfalan, ban san idon wadda ta haife ni ba. Tun a Zariya na ƙudura cewa in na je hutu sai na gani, ko da sau ɗaya ne.

Hutun ya faɗo lokacin yankan rake. Gida ya cika da ƙamshin ruwan rake a wuta, doki na zagaya injin matsa, mata na jera ƙananan kwanonin da ake zuba mazarƙwaila ta daskare. Na tuɓe na shiga aiki, amma idon ya ƙi zama. Baba na sara, ni na saki baki ina kallon yadda naman bayansa ke tashi yana kwanciya, har ya juyo ya kama ni.

“Me ka ajiye a jikina?”

Na sunkuyar da kai, amma an riga an gani. Kafin kwana biyu magana ta zaga cewa boko ya busar wa Habu ido. Wani kawuna ya ce ai dama an faɗa, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. In na shigo zaure sai hira ta mutu, dattawa su gyara riga. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu daga gabana kada in zana su. Ana sa hannu a akushi ɗaya da ni, amma kowa gefensa yake kallo. A Zariya ni ne wanda ba ya iya kallo, a Kurmin Kogi ni ne wanda kallonsa ya yi yawa. Da mai hankali ne da ya ɗauki wannan a matsayin gargaɗi, amma ni taurin kan Kaka na gada.

Ranar da zan koma, da hantsi, na shiga yi wa Inna sallama. Tana tabarma da ƙwaryar gyaɗa, Goggo na tankaɗe a gefe. Na durƙusa na fara gaisuwa, ƙarar gyaɗa ta tsaya kamar kullum. Na kalli karkataccen yatsan nan, na ce a raina in ban yi yau ba ba zan taɓa yi ba. Sai na ɗaga kai. Na yi zaton zan same ta tana kallon bango ko ƙwarya, in saci kallo in mayar. Ashe ni take kallo. Hannunta na riƙe da gyaɗa rabi a ɓare, idonta duka biyu a kaina, bakinta ɗan buɗe. Idon nan irin nawa ne sak, har ɗan saukar da ke gefen na hagu. Tana da shasshawa a gefen baki, tana da wushirya, kuma yarinya ce fiye da yadda nake zato. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe har ƙwaryar ta kife, ta shige ɗaki ta saki asabari. Kaji suka yo kan gyaɗar. Goggo ta ajiye rariya ta dube ni ta ce na kyauta, da irin muryar da ake faɗar akasin haka. Baba bai raka ni bakin hanya ba, ni kaɗai na jira motar kasuwa zuwa Ikara.

Daga ranar, duk zuwan da na yi asabari a sake nake samun sa. In durƙusa in gaida zaren kaba, murya ta amsa daga ciki. Na je neman fuska, na dawo ko ƙafar babu. Na ɗauka fushi ne, na aika da ban haƙuri ta bakin Goggo, ta bakin liman, amsa ɗaya ce, wai ba komai. Na gama makaranta, na kama aiki, na auri mahaifiyarku. Da aka haife ku na riƙa kai ku, ku shige ɗakin da gudu, in ji tana kiran mazan cikinku angwayenta, matan kuma tana tsokanarsu, ni ina tsugune a waje kamar mai jiran a sallame shi. Manyanku sun fi ni sanin fuskar uwata. Na zana mata masu shayarwa da masu daka da masu ɗaukar ruwa ba iyaka a littattafan mutane, kuma ba wanda ya san cewa mai zanen ba ya iya shiga ɗakin tasa uwar. Shekaru da yawa suka tafi a haka, kuma na sha wahalarsu.

Sai da Baba ya rasu na ji gaskiya. Bayan an watse daga zaman makoki, Goggo, wadda lokacin ta tsufa har ba ta jin nauyin kowa, ta same ni a bayan rumbu. Na ce mata yanzu da Baba ya tafi, ta taimaka ta roƙar mini Inna ta huce. Ta yi tsaki mai tsawo.

“Kai da aka ce ka yi karatun kallo, ashe makaho ne. Wane fushi? Tun kana ɗan mitsitsi, ranar da ka zo ka sunkuyar da kai ita ce ranar sallarta. Ta ajiye aiki ta kalle ka ta ƙoshi, ba wanda ya kama ta. In ka tafi ta dame ni, wai ka rame, wai kunnenka na babanta ne. Hanya ɗaya ke nan da aka bar mata ta gan ka. Ka ɗaga kai ka kama ta, ina za ta sa fuskarta? Kuma da wane ƙarfin hali za ta sake yarda da sunkuyonka?”

Na tuna ƙarar gyaɗar da ke tsayawa, na tuna rabin maganar Baba Gambo da na bari a gindin mangwaro. Washegari da hantsi na je ƙofar ɗakin Inna, tana cikin takaba, Goggo na zaune a tsakar gida. Na durƙusa, na dafa ƙasa da hannu biyu, na ɗaga murya yadda na ciki zai ji.

“Goggo, wuyana ya sanƙare. Kwanan nan ko kaɗan ba ya ɗaguwa.”

“Allah Ya sawwaƙe,” in ji Goggo. “Amma kada ka yi saurin neman magani.”

Na daɗe a durƙushe har na fara cire rai. Can sai na ji asabari ya motsa. Ƙafafu suka fito suka tsaya a gefen tabarma, sun ƙanƙance, jijiyoyi sun fito, babu lalle, amma ga karkataccen yatsan nan yana nan. Ta zauna. Gwiwata ta yi tsami, wuyana ya fara ciwon gaske, ƙuda ya sauka a kunnena ban kore shi ba. Hawaye na ɗiga a ƙasa tsakanin hannuwana, na bar su. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Daga ƙarshe na ji ta ja numfashi, ta ce a hankali,

“Goggo, ashe ɗan Kudan har ya yi furfura a tsakar kai.”

Ban ɗaga ba, kuma ban sake ɗagawa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Da na dawo gida na zana ƙafafun yadda na gan su a ranar, su ne ke rataye a falo. Fuskar tana nan a kaina, ko yanzu aka ba ni gawayi zan fitar da ita ido rufe, kuma in aka ce in mayar da wancan kallon ɗaya ba zan mayar ba. Amma ƙafafun ta ba ni, fuskar kuwa ba ta ba ni ba, saboda haka da ita zan tafi. In na kwanta dama ku bar zanen yadda yake, kada ku kai wa kowa ya ƙarasa shi.